Sun Tara Kuɗin Gawarsa Yana Raye

Shekara shida na yi ina aiki a gidan tsofaffi na wani coci a gefen garin Greensboro, a Amurka. Aikina wanka, sa tufafi, ba da abinci a baki, juya wanda ba ya iya juyawa da kansa, da tura keken guragu daga ɗaki zuwa wurin cin abinci. Ba zan yi wa gidan ƙarya ba, yana da tsafta, akwai lambu, akwai ƙaramin coci a tsakiya, kuma kowane ɗaki da gicciye a bango. Yawancin mazauna wurin Turawa ne da suka sayar da gidajensu suka dawo nan don su ƙarasa rayuwa cikin 'yan cocinsu. Akwai kuma wani asusun taimako da masu hali ke zuba wa kuɗi, don kada a kori tsohon da abin hannunsa ya ƙare. Da wannan asusun aka karɓi tsohon da muke kira Baba.

Wata safiya babbar nas ta tare ni tun ban ajiye jakata ba. Ta ce kwana uku da suka wuce an kawo wani tsoho daga asibiti, ɗan Afirka ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma ga alama hankalinsa ya taɓu. Ba ya amsa magana, yana ture abinci, sannan duk lokacin da aka ba shi ruwa sai ya tsiyaya a hannu ya shafa a fuska, ya jiƙa shimfiɗa. Saboda haka sun ɗauke ruwan daga kusa da shi. Ta ce ko zan leƙa, wataƙila yarenmu ɗaya.

Maganar ta sosa min rai, don a wurinta Afirka unguwa guda ce. Amma na je.

Dogon tsoho ne, da zanen Gobirawa a kumatu, yana kwance ya zuba wa silin ido. Ina ganin zanen nan na san namu ne.

Na ce, “Salamu alaikum. Baba, ina kwana?”

Ya juyo da kai a hankali. Bakinsa ya karkace, amma maganar ta fito.

“Lahiya lau, ɗiyata.” Ya haɗiye miyau da ƙyar. “Ruwa. Kwana uku ban yi salla ba.”

Alwala bawan Allah yake ƙoƙarin yi. Na kawo roba da ruwan ɗumi, na wanke masa abin da hannunsa na hagu ya kasa kaiwa, na karkata gadon ya fuskanci gabas daidai iyawata. Ya yi sallarsa a kwance, hawaye na gangarowa ta gefen ido. Daga nan na wuce wurin babbar nas. Na ce mata mutumin nan da hankalinsa ras, ibada yake yi, kun hana shi ruwa kun rubuta masa hauka. Ta dafe ƙirji ta ba da haƙuri, kuma a take ta gyara takardarsa. Daga baya likita ya ce irin wannan ciwo yakan ƙwace yaren da mutum ya koya da girma ya bar masa na gida. Na yarda. Amma kwana uku babu wanda ya tsaya ya kalli yadda yake shafa ruwan nan, fuska, hannu, kai, a jere, kullum iri ɗaya.

Da yamma muna cin abinci na ba maigidana labari. Ni Bazazzagiya ce, shi mutumin Maraɗi ne, don haka ta hanyarsa na shiga cikin 'yan Nijar na garin. Ina kwatanta tsohon sai ya ajiye cokali.

Ya ce, “Baba mai tasi ne wannan.”

“Ka san shi?”

“Wa bai san shi ba?”

Ashe Baba yana cikin na farkon da suka zo garin nan. Yana da ɗan gidan haya mai ɗaki biyu a bayan shagon da muke sayen katin kira da garin masara a High Point Road. Duk wanda ya sauko daga Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, Baba ke zuwa ɗauko shi a tashar bas, a falonsa zai kwana har ya samu aiki, shi zai koya masa tuƙi a filin ajiye motoci ranar Lahadi. Maigidana ya ce shi kansa wata biyu ya yi a falon nan kafin in zo. Bai taɓa gaya min ba.

Na ce, “To ta yaya mutum irin wannan zai yi makonni a asibiti babu wanda ya sani?”

“An ce ya koma gida.”

“Wa ya ce?”

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin abinci.

Matsalar da ta fara damuna ita ce abinci. Mutanen wannan yankin ba sa dafa ganye ko wake sai da naman alade a ciki, kuma Baba yana jin ƙanshinsa tun farantin bai iso ba. Da na yi wa shugaban kicin magana, cewa ya yi ai sai a tsince naman a ba shi sauran. Na fara kawo kunun gyaɗa a fulas, babbar nas ta hana, wai doka ce, ana tsoron ya shaƙe, sai mai duba haɗiyar marasa lafiya ta gwada ta amince. Mako biyu aka yi ana jiran matar nan. Cikin mako biyun Baba burodi da shayi kawai yake ci, ina kallon wuyansa na ƙanƙancewa.

Wadda ta warware maganar ba ni ba ce. Akwai wata tsohuwa Baturiya da ɗakinta ke kallon nasa, matar wani manomin taba da ya rasu. Masifaffiya ce ta gaske. Shekara uku ina yi mata hidima ba ta riƙe sunana ba, “yarinya” take kirana alhali 'ya'yana uku. Ita ma asusun taimakon ke riƙe da ita, tana ɓoyewa, kowa ya sani. Teburinsu ɗaya da Baba. Ta fara da turo masa dafaffen ƙwanta da ayabarta ba tare da ta kalle shi ba. Rannan aka sake ajiye masa ganye da alade, sai ta ɗauki cokali ta dinga buga tebur har shugaban kicin ya fito.

Ta ce, “Mutumin nan ba ya cin alade. Kai kurma ne? Tukunya nawa kake da ita a can ciki, ɗaya?”

Washegari aka fara dafa wa Baba nasa daban. Abin da na yi mako biyu ina roƙo cikin ladabi, ita ta same shi da cokali a minti biyu. Na yi murna, na kuma ji haushi, kuma har yau ban raba biyun ba.

Daga nan ta mai da ɗakinsa wurin zamanta. Bayan abincin rana takan turo ƙarfen da take dogarawa ta shigo, ta zauna ta buɗe littafin addininsu tana karantawa da ƙarfi, shi kuma yana jan carbi da hannun hagu. Ranar da na fara tarar da su na ɗaure fuska, na ce masa zan yi magana a hana ta.

Ya ce, “Bar ta, ɗiyata. Murya ce. Shirun ɗakin nan ya yi yawa.”

A wajen mutanenmu kuwa labari ya bazu, kuma abin da kowa ya riƙe shi ne gidan Kirista ne. A gidan suna, a bakin masallaci, a waya, magana ɗaya ce: “Subhanallahi, an kai Baba gidan coci!” Mata suna tafa hannu, maza suna girgiza kai. Ni kuma duk wanda ya tambaye ni, abu ɗaya nake gaya masa. Ba kuɗi ake nema ba, an riga an biya masa gado. Namiji ake nema wanda zai zo ko sau ɗaya a mako ya yi masa aski da wanka, don duk lokacin da mace ta tuɓe shi runtse ido yake yi ya juya fuska bango, ni kaina kunyarsa na kama ni. Sannan a samu mai kai shi Juma'a. Kowa ya ce insha Allahu. Maigidana ya je sau biyu, ya dawo yana cewa ba ya iya ganinsa a wannan halin.

Bayan kusan wata guda Alhaji ya zo. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Nijar na garin, yana da filin sayar da motoci a High Point Road da katafaren gida a Summerfield. Shi ma a falon Baba ya yi kwanansa na farko a Amurka. Ya zo da mutum huɗu, duk cikin shadda, ƙamshin turare ya cika baranda. Akwai kujera biyu a ɗakin, babu wanda ya zauna. Suka yi gaisuwa, suka yi addu'a, Baba yana ta ƙoƙarin kama sunan kowa yana tambayar iyalinsu. Alhaji ya ɗaga kai ya kalli bango.

Ya ce da ni, “Hajiya, Allah Ya saka miki. Amma wannan gicciyen fa? A ƙarƙashinsa yake salla?”

Na ce, “Alhaji, in akwai inda ya fi nan, sai a kai shi. Yau ma za a iya.”

“Za mu zauna a kai. Za mu zauna.”

Suka ajiye kwalin busasshen dabino, wanda Baba ba zai iya taunawa ba, suka tafi. Duka-duka minti goma sha biyar. Baba ya daɗe yana kallon ƙofa, sannan ya ce min in ba tsohuwar dabinon, ita tana da haƙoran roba.

Lokacin da itatuwa suka fara fure, gidan ya shirya liyafar rana da ake yi duk shekara don masu zuba kuɗi a asusun. Akwai wata matashiya da aikinta ke nan, nemo masu bayarwa, kullum cikin murmushi. Ta same ni ta ce ko Baba yana da kayan gargajiya, zai yi kyau ya sa ranar. Akwai babbar rigarsa shuɗiya guda ɗaya da maigidana ya ɗauko daga gidan hayar kafin mai gidan ya zubar da sauran kayan. Na wanke ta, na goge ta da kaina. Na ɗauka karramawa ce. Baba ma ya yi farin ciki, ya sa na gyara masa hula sau uku.

Tsohuwar ta ce ita ba za ta ba. Ta ce, “Na je shekara ɗaya. Suka buga hotona a takardar coci, duk garinmu aka san ba ni da ko sisi. Ki kai shi ki gani, yarinya.” Ban saurare ta ba, na ɗauka masifarta ce ta kullum.

Zauren ya cika da mutanen Irving Park, unguwar masu kuɗi, mata da sarƙoƙin wuya, maza da kwat. Ana gama cin abinci matashiyar ta yi min alama in turo Baba gaba, kusa da fasto. Na tura. Faston dattijo ne mai kirki, ya sha tsayawa ya gaishe ni. Ya dafa kafaɗar Baba ya ce wa jama'a, a wannan gida ba a tambayar mutum wa yake bauta wa, ga ɗan'uwa Musulmi daga Afirka, ya zo ba shi da komai, ba shi da kowa, kyautarku ce ta zama iyalinsa. Aka tafa. Wasu matan na share hawaye. Ana raba musu katin alkawari tebur-tebur. Wata ta taso ta kama hannunsa na dama, shanyayyen, ta riƙe tana murmushi aka ɗauke su hoto, sai wata ta biyo, sai wata. Ni ina tsaye a baya da ɗankwalina, ni ma ina cikin hoton.

Baba ya ɗago kai ya ce, “Me suke cewa, ɗiyata?”

Na ce, “Barka da zuwa suke yi maka.”

Ana gamawa na tura shi muka koma ɗaki. Can ya ce, “Shekara ashirin da wani abu na yi ina tasi a garin nan. Turancin daga bakina ya fita, bai fita daga kunnena ba. Cewa suka yi ba ni da kowa.” Ya kama wuyan rigar da hannun hagu yana ja. “Cire min wannan.”

Na cire masa, na fita ina huci na samu matashiyar tana tattara katunan.

Na ce, “Kin tambaye shi kafin ki tsayar da shi a gaban mutane kamar abin kallo?”

Ta ce, “Ke na tambaya.”

Ta ajiye katunan, ta rage murya, ba da faɗa ba. Ta ce ita ma ba ta son wannan ranar, amma mutane ba sa bayarwa sai sun ga fuska, kuma abin da aka samu yau shi zai riƙe gadonsa da na wasu. Sannan ta ce, “In mutanenku za su biya, ni ba zan sake fitar da shi ba. Za su biya?”

Tambaya ce ta gaskiya, amsa take jira. Na juya na tafi. Na shiga ɗakin ajiye zannuwa na rufe ƙofa na yi kuka, kukan takaici, don na je da faɗa na dawo ba ni da bakin magana. An koya min tun ina ƙarama cewa sadaka a ɓoye ake yin ta, don kada a karya zuciyar mai karɓa. Su ba su ɓoye ba, amma sun bayar. Mu da muka san yadda ake yi, dabino muka kai.

Babbar Salla ta zo, Alhaji ya tara jama'a a gidansa na Summerfield kamar yadda ya saba. An kafa rumfa a kan ciyawa, dawakin maƙwabcinsa na leƙowa ta shinge, ana ta suya. Maza a rumfa, mu mata a baranda da kicin. Bayan la'asar Alhaji ya karɓi abin magana. Ya ce ƙungiya ta zauna a kan maganar dattijonmu, ubanmu, wanda ke kwance. An yanke shawara, an kuma yi kotizasiyo, wato karo-karo, kowane ɗan ƙungiya ya kawo nasa. Yanzu alhamdu lillahi an tara abin da zai isa, duk ranar da ta Allah ta kasance, a sa Baba a jirgi a kai shi Maraɗi a binne shi cikin danginsa, ba za a bar shi a ƙasar nan ba. Aka yi kabbara. Ya fara kiran sunayen waɗanda suka bayar, ana kabbara bayan kowane suna. Na ji sunan maigidana.

Ban san lokacin da na ajiye tiren da ke hannuna ba. Na sauko daga baranda na taka ciyawa har bakin rumfar maza.

Na ce, “Alhaji, da izini.”

Ya yi murmushi ya ce, “Hajiya, bari mu gama.”

“Baba bai mutu ba. Jiya da safe ni na yanke masa farce. Yau da safe ya tambaye ni ko an yi idi, ya tambaye ni wa ya ja salla. Yana can zaune a keke shi da wata tsohuwa Kirista, ranar Salla. Daga ƙofar gidan nan zuwa ɗakinsa minti ashirin ne a mota, kuma kowannenku da mota, shi ya koya muku tuƙinta. Kuna iya kai gawa Maraɗi, kun kasa kai mai rai masallaci?”

Wani daga baya ya ce, “Matar wa ce wannan?” Wani ya amsa, “'Yar Najeriya ce, ba ta san yadda muke namu ba.” Wata Anti ta biyo ni ta kama mayafina tana cewa in zo, in ji tsoron Allah, ranar Salla ce. Na fizge.

Alhaji ya sauke abin maganar. Murmushin ya tafi. Ya ce, “Hajiya, ke biyanki ake yi ki zauna da shi. Mu muna da ayyukanmu.”

Na ce, “Ƙwarai kuwa, biyana ake yi. Kiristoci ke biyana in riƙe muku zumuncinku. Sun tsayar da shi a gaban jama'a sun ce ba shi da kowa, na je in ƙaryata su, na rasa sunan mutum ɗaya da zan kira. Ko ɗaya, Alhaji. Kai wata nawa ka yi a falonsa?”

Malamin da ke zaune kusa da shi ya ce a yi haƙuri, suturta mamaci ma babban aiki ne. Na ce na sani, Malam, amma a bari ya zama mamacin tukuna. Na koma kicin, na cika fulas ɗina da romon nama, don shi kaɗai Baba zai iya sha, na ce wa yara su shiga mota.

Maigidana ya tuƙa mu har gida. A bakin ƙofa ya ce, “Kin kunyata ni a gaban mutanena.”

Na ce, “Wata biyu ka kwana a falonsa.”

Kwana takwas ba ma magana sai gaisuwa. Wayata kuma ta yi shiru. Matan da muke kwana muna tashi tare suka daina kirana, aka yi suna biyu ban ji ba sai bayan an watse. Ranar Lahadi ta biyu na ga maigidana ya ɗauki injin aski da tawul ya sa a leda ya fita, bai ce min ga inda za shi ba. Da na shiga aiki Litinin na tarar da kan Baba ƙwal, yana ta shafawa yana dariya da rabin baki. Daga ranar bai fasa Lahadi ko ɗaya ba, aski da wanka. Amma har yau bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba.

Juma'a sau ɗaya Baba ya samu. Na roƙi fasto, ya ba da motar gidan mai ɗaga keke, direban ya jira a waje har aka idar. Maigidana ya ce ana sallamewa aka yi masa caa, kowa na son ya gaisa, kowa na cewa gobe-goben nan zai zo. Mutum biyu suka zo, sau ɗaya.

Na gaya wa Baba maganar kuɗin da aka tara, don ban ga dalilin ɓoye masa ba. Ya ce, “Su bar ni inda na faɗi, duk ƙasar Allah ce. Ina da ɗiya a Maraɗi, mijinta ba shi da ƙarfi, 'ya'yanta biyar. Su aika mata.” Na sa maigidana ya kai wa Alhaji saƙon. Amsar da ya dawo da ita ita ce, maganar mara lafiya ce, kuma kuɗin da aka tara da niyya ɗaya ba a juya shi.

Da sanyi ya shigo ciwon ƙirji ya kama Baba. Kwana huɗu ya yi, ya cika da safe bayan an kwashe kwanonin karin kumallo. Tsohuwar na riƙe da hannunsa na hagu, ni ina maimaita masa kalmar shahada a kunne. Da numfashin ya tsaya ta kalle ni ta ce, “Yarinya, ki yi masa abin da kuke yi.” Na rufe masa ido, na kira maigidana.

Kafin azahar filin ajiye motoci ya cika da tasi da manyan motoci. Baranda ta cika da riguna, ana ta salati, wasu na kuka da gaske. Babbar nas ta matso kusa da ni tana kallonsu da mamaki ta ce, “Duk waɗannan nasa ne?” Na ce e. Tsohuwar kuwa ta tsaya a ƙofar ɗakin da ƙarfenta, ta tare hanya, ta ce min, “Tambaye su ina suke tun tuni.” Ban fassara ba. Duk suna jin Turanci.

Ban taɓa ganin ƙungiyar nan ta yi aiki da sauri irin na makon ba. Wannan ya bi takardu, wancan ya bi jirgi, wani ya ajiye aikinsa na kwana biyu. Cikin kwana biyar aka tafi da shi. An ce ayarin motocin da suka raka shi ya yi tsawo. Ni ina wurin aiki, ina cire zanin gadonsa.

Bayan mako biyu ɗiyarsa ta nemo ni. Na sayi kati na kira ta daga cikin mota, a bakin gidan tsofaffin, kafin in shiga aiki. Muryarta siririya, ana jin kukan yaro a bayanta. Ta yi min godiya har na ji kunya. Ta ce gawa ta iso lafiya, an binne shi kusa da mahaifiyarta, duk gari ana maganar kirkin mutanen Amurka.

Sannan ta ce, “Hajiya, abin da ya sanyaya min rai, Alhaji ya ce tun da ya kwanta 'yan'uwa ba su taɓa barinsa shi kaɗai ba, ko yini ɗaya. Haka ne ko?”

Maganar duk tana bakina. Na ji yadda take jiran amsar, ta ma daina numfashi.

Na ce, “Haka ne. Ba a bar shi ba.”

Ta ce alhamdu lillahi sau uku, katin ya ƙare. Na zauna riƙe da sitiyari, ina jin haushin Alhaji da ya sa ni yi masa shaidar ƙarya, ina jin haushin kaina da na yi. Sai da lokacin shiga aiki ya wuce da minti goma na iya fitowa. Ranar aka rubuta min makara.